Hawainiyar Modu a Cikin Adudu

Safiyar wata Asabar ce a ƙarshen daminar 1956, an kwana ana yayyafi, ƙasar lungunmu a Fagge ta yi laushi har sawun kaji na fitowa a kanta, sai ga motar Kawu Ilu ta shigo da baya da baya ta tsaya a ƙofar gidanmu. Kitika ce mai buɗaɗɗen baya, ta wani ɗan kasuwa da Kawu yake yi wa tuƙi a Sabon Gari. Kafin ka ce kwabo yaran unguwa sun kewaye ta, masu shafa fitila na shafawa, masu leƙa fuskarsu a madubi na leƙawa. Amma da Baba ya fito daga zaure riƙe da keji, ya miƙar da shi nesa da rigarsa kamar wanda ya ɗebo garwashi, sai duk suka bar motar suka dawo kansa. A cikin kejin akwai hawainiya, ta ƙanena Modu, kuma ni aka ɗora wa nauyin kai ta ƙauyen kakarmu da ranta.

Kakannin Baba Barebari ne. Fataucin kanwa ya kawo su Kano, suka sauke kaya a Fagge, suka ce sai an huta za a koma, ga shi har yau ana hutawa. A zamaninmu abin da ya rage mana na Barno bai wuce sunaye da turaren wuta ba, wanda Iya ta koya wurin surukarta har ta fi ta iyawa, ko da yake ita 'yar wani ƙauye ce can arewa da birni. Gidanmu na ƙasa ne, da rijiya a tsakar gida. Gefen rijiyar akwai bishiyar lemun tsami da ruwan wanke-wanke ya raya, bayan ɗakin Iya kuma ɗan fili ne da ta shuka rama da kuɓewa. Ni ce Bintu, babba, ina da kamar shekara goma a lokacin. Da sassafe in share tsakar gida, in wanke kwanukan tuwo, in tafi makarantar allo. Da hantsi in ɗauki tallan turare in bi gidaje har Kwaciri, ina shan tsiyar matan da za su shaƙi ƙamshi su ƙoshi sannan su ce ba su ji komai ba. Da yamma sai carafke a zaure, ko gaɗa a dandali idan Iya ta ga dama ta bar ni.

Modu shi ne mai bi mini. Ciwon shan-inna ya kama shi tun yana koyon tafiya, ƙafarsa ta hagu ta tsotse ta lanƙwashe, don haka da hannu yake jan jiki. Sa'anninsa na langa da tsere a waje, shi yana gindin lemun tsami da 'yar wuƙarsa da karan dawa, yana ƙera motocin kara. Motocinsa har ƙofa gare su mai buɗewa, alhali bai taɓa shiga mota ba, iyakarsa kallo in na goya shi zuwa bakin titi. Ba mai yawan magana ba ne, ba kuma mai kuka ba, yaro ne mai kallo. A wannan kallon ya gano hawainiyar, a kan reshen da kowa a gidan yake wucewa ta ƙarƙashinsa kullum bai gan ta ba. Ya sa mata suna Gimbiya, wai don tafiyarta ta ƙasaita ce, kuma tana sauya tufafi sau da yawa a wuni ba tare da ta yi wanki ba.

A Fagge ta wancan lokaci ba wanda yake kiwon hawainiya, jifanta ake yi. Wasu su ce in ta cije ka sai ka yi albaras, masu magani kuma su busar da ita su rataye a rumfa. Iya da farko ta ce a fitar mata da ita daga gida, amma da ta ga yaron da ba ya dariya ya fara dariya shi kaɗai a gindin bishiya, sai ta ƙyale ta. Iyakarta, in ta zo tsinkar ganyen miya ta hango ta a kusa, ta ce, "Modu, hawainiyarka ta kiyayi ramata," mu yi ta dariya, don ita kaɗai ce mace a Kano da take faɗin wannan magana da hawainiya a gabanta. Ni ce mai farauta, in kamo fara a hanyar dawowa daga talla in cika gwangwanin madara. Modu kuma ya ajiye ɓawon mangwaro don ƙudaje su taru, ya yayyafa ruwan buta a kan ganye, don ba ta sha a kwano, ɗigon da ke kan ganye take lasa. Ya san ta kamar yunwar cikinsa. Ni ba sonta nake yi ba, idanun nan nata da kowanne yake bin tasa alƙiblar suna tayar mini da tsigar jiki, amma ina son abin da take yi wa ƙanena.

Ana nan sai Kaka, mahaifiyar Iya, ta aiko a ba ta Modu. Ta ce birni ba wurin mai ciwon ƙafa ba ne, a can akwai fili da nono da wani tsoho mai danna ƙafa da man shanu, ko Allah zai sa a dace. Kaka ba ta roƙon jika a hana ta, sai dai a ja lokaci, kuma an ja har ya ƙare. Mu yara aka ce mana da ƙafa ta yi ƙwari zai dawo, amma da na ga Iya ta haɗa har da allonsa a cikin kaya, na san ba tafiyar kwana biyu ba ce. Modu bai yi gardama ba, abinci kawai ya daina ci. Da Baba ya matsa masa, ya ce shi zai je duk inda aka ce, amma in ya bar Gimbiya, ranar da ya tafi yaran lungu za su haura katanga su kashe ta. Baba mutum ne mai taushin zuciya da yake ɓoye ta cikin tsawa. Ya yi faɗa, ya ce a ina aka taɓa jin haka, washegari kuma aka gan shi a zaure yana fere kara. Iya tana jego, Baba ga kasuwa, sai aka ce ni in raka shi, Kawu ya dawo da ni. Modu ya kama bakin zanena ya ce in yi masa alkawari za ta isa da rai, na yi. A can bai san kowa ba, Kakar ma ba sabawa suka yi ba. Hawainiyar nan ita kaɗai ce abin gida da zai buɗe ido ya gani.

Kejin da Baba ya yi abin kallo ne, irin wanda ake yi wa kanari, mai faɗi, buɗe ta kowane gefe, har da ɗan rufi mai tsini a sama. Dalilinsa kuwa shi ne abin da kowa ya sani a lokacin: hawainiya iska take ci. Ba ka ganinta tana kiwo, sai dai ka gan ta ta buɗe baki ta kumbura, to me take ci in ba iska ba? Duk farar da nake kamowa a wurin Baba wasan yara ce. Ya ce tunda tafiyar mota iska ce zalla, a ɗaure kejin a baya inda za ta sha ta ƙoshi, ta isa ƙauye da ƙiba. Wannan shawara ta yi wa Kawu Ilu, ƙanen Iya, daɗi ƙwarai, don tun da ya ji labari ya rantse ba zai zauna gaban mota da hawainiya ba. Modu ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi yadda Baba yake alfahari da aikin hannunsa, ya rufe. Abin da ya yi kawai shi ne ya sa na karyo reshen lemun da ta fi kwana a kai, aka saka mata a ciki.

Iya ba ta fito zaure ba. Daga bakin ɗakinta ta miƙo mini adudun kayan Modu, irin kwandon nan na saƙar kaba mai murfi da mata suke ajiye tufafi, ta ce in kula da ƙanena, ta koma ciki tana gyara abin da ba ya bukatar gyara. Baba ya ɗauki Modu ya zaunar da shi a gaba kusa da ni, ya ɗaure kejin a jikin ƙarfen baya, ya yi addu'a muka shafa. Inji ya yi tari ya kama, duk motar ta ɗauki rawa. Sai mun fara biyawa Sabon Gari, wadda ko a ƙafa ba ta da nisa da gidanmu, an ɗora kayan da za a kai ƙauye. Ni kam daɗi ya ɗauke ni. Gidaje na gudu da baya, yara na bin mu da ihu, Kawu na danna hon ga jaki da ɗan Adam, ina ta fatan matan da nake kai wa talla su gan ni. Modu ne kaɗai ya juya wuya yana leƙen ƙaramin gilashin baya tun daga lungu har muka tsaya.

Sabon Gari a idona wata ƙasa ce. Warin manja da busasshen kifi, garmaho na kiɗa daga wani shago, harsuna iri-iri da ban san ko ɗaya ba. Kawu ya tsaya a gaban sito, 'yan dako suka fara ɗora buhunan gishiri da akwatunan sabulu. Na zagaya baya in duba kejin. Gimbiya da ta bar gida koriya shar ta koma baƙa ƙirin, ta faɗo daga reshe tana kwance a gefe ɗaya, baki buɗe, haƙarƙarinta na hawa da sauka, ƙafafunta na laluben abin kamawa. Rana ta fito ta doki ƙarfen motar ya yi zafi. Kafin in yi wani abu mutane sun taru, wannan ya tsokane ta da tsinken tsintsiya, wancan ya ce a zuba mata garin taba a baki a ga rawa, wani dattijo mai jakar fata kuma ya matso ya ce wa Kawu a bar masa ita tun da sauran numfashi, don ba za ta kai azahar ba. Kawu ya sosa ƙeya, na ga alamar maganar ta shige shi.

Ban san lokacin da Modu ya sauko daga mota ba. Ganinsa kawai na yi a ƙasa cikin taɓon kasuwa, ya jawo jiki ta tsakanin ƙafafun mutane, rigarsa ta tafiya duk ta ɓaci. Na sauko masa da kejin, ya kare shi da jikinsa. Sannan ya ɗaga kai ya yi magana mafi tsawo da na taɓa jin ya yi wa babba. "Kawu, ba iska take so ba, duhu take so. In duhu ya yi sai ta kama reshe ta yi barci, ko an yi tsawa ba ta motsi. Idanun mutane ne da girgiza za su kashe ta." Kawu ya ce to ina za a samo mata duhu da hantsi, kuma shi fa ya riga ya faɗa, gaban mota ba za ta shiga ba. Modu ya ce to a ɗora shi a baya kan buhunan gishiri, ya lulluɓe ta da rigarsa. Ba da kuka ya faɗa ba, har ya fara laluben inda zai kama ya hau. Kawu ya dubi siririyar ƙafar nan da ke kwance a taɓo, ya dubi rana, ya ja dogon tsaki wanda na san ba da Modu yake ba, ya kori mutane da hularsa. "Ku rufe ta yadda ko wutsiyarta ba zan gani ba," in ji shi, "kuma kada Babanku ya ji an raina masa keji."

Adudun nan ne ya cece mu. Muka koma inuwar sito, na juye tufafin Modu na ƙulle su a wani zane, shi yana faɗa ina yi. Wata mata mai sayar da atamfa, wadda ba ta jin Hausa sosai amma ta gane komai, ta ba mu ruwa a kwano. Na jiƙa tsohuwar hularsa, na matse, na shimfiɗa a ƙasan adudun don sanyi da laushi ko da za ta faɗo. Muka datse reshen lemun daidai faɗin ciki, muka soke bakinsa biyu a cikin saƙar har ya tsaya kyam, ba ya juyawa. Modu bai cafke ta ba. Hannu ya shimfiɗa a gabanta ya jira, ya daɗe yana jira, har ta ɗora ƙafa ɗaya, ta ɗora ta biyu, ya kai ta bakin reshen ta kama. Na ce a zuba mata fara ta ci a hanya, ya ce mai jin tsoro ba ya cin abinci, tsalle kawai za su yi ta yi a kanta. Muka rufe murfi, muka ɗaure da zare. Saƙar kaba tana shigar da iska ta ko'ina amma ba ta shigar da ido. Sai ya kafa mini doka ɗaya, kada in buɗe har mu isa, komai ya faru. "In kin buɗe, sai ta fara jin tsoro daga farko."

Muka kama hanyar Katsina. Bayan Rijiyar Lemo gidaje suka fara ƙarewa, sai lambuna da gonaki, dawa ta yi tsawo ta fi mutum, gyaɗa ta rufe ƙasa, ana ɗaure dammunan gero. Ban ga rabin abin da ya kamata in gani ba. Adudun ba ya ajiyuwa a ƙasan mota don zafin inji, kuma na lura in na bar shi a cinya duk girgiza tana shigarsa, sai na ɗan ɗaga shi da hannu biyu, gwiwoyin hannuna suna shanye tsallen. In hanya ta karkata rana ta shigo ta taga, in ja mayafina in kare. Da muka bar babbar hanya muka hau ta ƙasa mai gargada, kafaɗuna suka fara ciwo, yatsuna suka mutu, ban sauke ba. Ciwon hannu bai dame ni kamar shirun da ke ciki ba. Ko motsi babu. Sau da yawa babban yatsana ya kai kan zaren, ina cewa a raina ɗan leƙe kaɗan ba zai yi komai ba, sai in ji hannun Modu a kan nawa. In kuwa ta mutu tun a Sabon Gari fa, gawa nake ta lallaɓawa? Wannan tunani ya raka ni har ƙauye.

Abin da har yau yake ba ni dariya shi ne Kawu Ilu. Direba ne da aka sani da gudu, har abokansa suna ce masa Guguwa. Da farko ya manne da ƙofarsa, yana satar kallon adudun yana motsa baki da addu'a. Can na ga ya fara kauce wa ramuka, yana saka giya a hankali kamar mai gudun tada jariri. Garken shanu ya tare hanya, hannunsa ya kai kan hon, ya janye, muka zauna muna jiran makiyayin ya gama ƙetarar da su har ɗan maraƙin ƙarshe. Wata babbar mota ta wuce mu, yaron motar ya leƙo daga sama yana yi masa tsiya, wai ko ƙwai ya ɗauko. Kawu bai rama ba. Ya ce da mu ƙasa-ƙasa, "Sannu ba ta hana zuwa," sannan ya tambaya da raɗa ko baƙuwar tamu tana nan lafiya. Muka ce ba mu sani ba. Ya ce to Allah ya sa, ya ƙara rage gudu.

Sai da muka yi nisa na dubi ƙanena da kyau. Shi ma fa yau ya fara shiga mota, shi ma an ciro shi daga gindin bishiyarsa. Gumi ya tsattsafo a goshinsa, hannunsa ɗaya ya damƙe zanena har ya cukuikuye. Yaron da ya fi kowa ƙera motoci a Fagge bai kalli sitiyari ko sau ɗaya ba. Na tambaye shi ko amai yake ji, ya girgiza kai. Ya sunkuyo ya kanga kunnensa a jikin adudun, ya rufe ido. Ban san me zan yi masa ba, sai na ja sauran mayafin na rufe su su biyu. Daga ƙarƙashi na ji ya ce yana jin ƙarar farcenta a kan reshe. Na kasa kunne iya ƙarfina, ban ji komai ba sai inji. Ko ya ji da gaske, ko don ni ya faɗa, Allah ne masani, amma daga nan hannunsa ya saki zanena, ya yi barci har muka isa.

Bayan azahar muka shiga ƙauyen. Kaka tsohuwa ce ƙarama mai baki, tana ganin Modu ta fara tsokana irin ta kaka da jika, wai mijin nata ya zo mata da riga duk taɓo, ita kam ta fasa. Da aka gaya mata abin da ke cikin adudun ba ta ko damu ba, a ƙauye hawainiya ba labari ba ce. Ta ce akwai gwaiba a bayan gida kusa da lambu, can ya fi sanyi. Modu ya ƙi shan fura, sai da Kawu ya saɓa shi a kafaɗa muka zagaya. Na ajiye adudun a inuwa, yatsuna duk sun sandare, har sai da haƙori na kwance zaren.

Tana nan a kan reshen, ƙafafu huɗu sun damƙe shi, wutsiya a naɗe kamar gammo, idanu a rufe, jikinta ya yi fari-fari, launin da ban taɓa gani a jikinta ba. Na ce shi ke nan ta mutu, hawaye suka zubo mini. Modu ya ce in yi shiru, haka take in tana barci. Muka zuba ido, har Kawu da ya tsaya can nesa yana miƙo wuya. Can ido ɗaya ya buɗe, ya juya ya dubi sama, ya dawo ya dubi Modu. Sai kore ya fara dawowa, daga gadon baya ya gangaro zuwa ciki, a hankali. Modu ya zare reshen gaba ɗaya ya jingina shi da na gwaiba, ya yayyafa ruwa a ganye. Ta miƙa ƙafa ta janye, ta sake miƙawa, ta haye, ta tsaya tana lasar ɗigon ruwa. Kawu ya ce alhamdu lillahi da ƙarfi har ya ba kansa kunya. Ni kuwa na zauna a ƙasa daɓas, ban taɓa jin sauƙi irin na wannan lokaci ba.

Ba mu daɗe ba, don hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma in ruwa ya sauka hanyar ƙasa ba ta biyuwa. Kawu ya sauke gishirin mutane, muka sha fura a tsaye, na koma bayan gida in yi sallama. Modu na zaune a gindin gwaiba yadda yake zama a gida, ƙafar a lanƙwashe a gefe, kai a sama. Na duba cikin ganyen ban ga komai ba, ta riga ta saje. Na ce masa za mu tafi, ya ce to, in gaida Iya. Na ce ba zai ko dube ni ba? Ya amsa, bai juyo ba, "In na ɗauke ido zan rasa inda take." Na tsaya kaɗan, na juya na tafi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da hannuna ya mutu a kanta, yau ita ake kallo, ni ko oho. Na yi ta kuka a mota har Kawu ya gaji da rarrashi ya koma gudunsa, muka iso Fagge ruwa na sauka.

Ƙafar Modu ba ta yi ƙwari ba, kuma bai dawo Fagge da zama ba. A can ya yi karatu, ya koyi ɗinki, ya gaji lambun Kaka, ya yi aure ya tara iyali. Gimbiya ta ga wata daminar a gwaibar nan, in ji shi, sannan wata rana aka neme ta aka rasa, kamar yadda irinsu suke yi. Muna haɗuwa a suna da biki da ta'aziyya, amma zamanmu gida ɗaya a ranar ya ƙare. Sai da duk muka yi furfura, na je duba shi a ciwon da bai tashi ba, nake tsokanarsa cewa har yau ban yafe ba, ya zaɓi ƙadangaren banza a kan yayarsa. Ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya ce, "Yaya, ai tun kafin ki zagayo ta ɓace mini, ban san inda take ba. Sama kawai nake kallo don kada hawaye su zubo ki gani, ki ƙi tafiya."

Yanzu jikana kan kai ni wurin 'ya'yansa a mota mai sanyi, gilashi a rufe, kwalta har ƙofar gida, kafin in gama jan carbi mun isa. Gidanmu na Fagge ya zama shaguna, inda rijiya da lemun tsami suke an zuba siminti ana jibge dilolin atamfa, kuma da na tambayi yaran lungun ko sun taɓa ganin hawainiya, sai ɗaya ya nuna mini hotonta a waya. Ba na cewa da ya fi yanzu. Da akwai rigakafin da ake ɗiga wa jarirai yau, da Modu ya yi langa da sa'anninsa. Amma in mota ta bi ta Rijiyar Lemo, nakan ji hannuwana sun ɗan tashi daga cinya da kansu, kamar akwai abin da bai kamata ya girgiza ba. Allah ya jiƙan Modu. Ashe ranar nan shi ya fi ni iya riƙewa.